Darbejiyar Shataletale

Kofur ya ɗaga hannu ya tsayar da motoci ke nan, sai tari ya sake turnuƙe shi. Ya juya baya ya yi ta yi, har wani direban bas ya leƙo ta taga.

"Yallaɓai, mu wuce ne, ko mu jira ka gama?"

Ya ba su hannu, ya bar wa abokin aikinsa titin, ya koma gindin darbejiyar da ke tsakiyar shataletalen. Jiya likita ya gaya masa huhunsa ya gaji da hayaƙi, lallai ya bar bakin titi. Shugabansa ya ce akwai kujera a ofis, amma yau yake son amsa. Kofur kuwa ya riga ya shirya cewa a'a. A ganinsa zaman ofis na waɗanda ƙafa ta mutu ne.

Dattijuwar da ke share wurin tana tara ganye da tsintsiya.

"Iya, dubi baiwar Allahn nan," ya ce, yana dafa bishiyar. "A nan na zo na same ta. Hayaƙin da na sha, ta sha ninkinsa. Kin taɓa jin ta yi tari?"

Ya san bishiyar sarai. Rassan da suka miƙa kan titi ganyensu ƙanana ne, masu kauri, sun dushe. Na ciki kuwa kore shar. Tirela ta taɓa ɓare mata baya, wurin ya warke ya yi tudu.

"Kai dai Kofur, da mace ce da tuni ka aure ta."

"Da na dace da mai haƙuri."

Iya ta sunkuya ta ɗauki ganye ɗaya daga cikin waɗanda ta tara, ta goga a hannun farar rigarsa. Baƙin layi ya fito, mai maiƙo.

"Haba Iya! Jiya aka wanke ta!"

"Ai ba haƙuri kaɗai take yi ba, ɗan nan. In ganye ya cika da wannan baƙin, sakinsa take yi, ta fito da sabo. Ni ke kwashe mata kullum, har bayana ya ƙage." Ta dube shi. "Kai fa? In naka ya cika, a ina za ka zubar in share?"

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa, ya ɗaga kai. A ƙarshen rassan, daidai inda hayaƙi ya fi bugu, ga sabon toho ja-ja, mai laushi, yana rawa duk lokacin da mota ta wuce.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara hularsa, ya ƙame, ya sara wa bishiyar.

"Riƙe titin," ya ce wa abokin aikinsa. "Zan je wurin oga in karɓi kujerar nan." Ya juyo. "Iya, ki kula min da ita."

"Ita? Ai ita ta san yadda take yi da kanta. Kai dai tafi."