Wa Ya Haƙa Rijiyar Tsamiya

Zaituna ta ture littattafan 'yan aji biyu gefe, ta sake duba wayarta, ta tarar an kuma sauya jimlar. Karo na shida ke nan tun safe. Ɗazu shafin yana cewa Malam Bukar ne ya haƙa Rijiyar Tsamiya, yanzu kuwa ya koma Madugu Ilu.

Shafin yana cikin kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara. Shekara uku ke nan tana cikin 'yan kaɗan da aka zaɓa su kula da sashen Hausa, masu ikon kulle shafi ko dakatar da mai ɓarna. Ita da hannunta ta tsara ƙa'idojin sashen: kada a rubuta abin da ba shi da hujja a littafi ko jarida, kada kuma shafi ya ɗauki ɓangare. Ta sha raba rigimar mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta kwana lafiya.

Waɗannan biyun kuwa ta san su. Mai kiran kansa Jikan Madugu, Nazeer ne, ƙanin mijinta, wanda ya ci tuwo a gidanta shekaranjiya. Ɗan Kukawa kuma Abdulƙadir ne, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya. Ko bai sa suna ba za ta gane shi, don har yau ba ya sa wa haruffa ƙugiya.

Ita rijiyar tana wani lungu ne a Kabara, tsakanin gidan su Zaituna da gidan surukanta. Tun zamanin soja aka rufe bakinta da siminti, awaki ke kwanciya a kai, ba wanda ya damu da wanda ya haƙa ta. Sai bana, da zaɓe ya gabato, kansilan unguwa ya ce zai haƙa burtsatse a wurin, ya kafa allo da sunan mai rijiyar na asali. Gidaje biyu suka miƙe. Sakataren kansila, don ya tsira daga bakin kowa, ya ce abin da ke intanet shi za a rubuta, kuma gobe da safe za a kai wa mai fenti sunan.

Saƙo ya shigo daga Jibrin, abokin aikinta a kundin, mutumin Maraɗi da ba ta taɓa jin ko muryarsa ba. Ya rubuta: "Malama, rigimar nan ta yi yawa. Ke ce a Kano, kin fi mu kusa. Ki duba ki yanke."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta yi abin da ake yi wa kowane shafin da ake ja-in-ja a kansa: ta kulle shi yadda ta same shi, zuwa a tattauna. Ba ta ajiye wayar ba sai ga kiran Abdulƙadir.

"Yaya, kin kulle shi a kan sunan Madugu."

"A kan abin da na tarar na kulle. Da minti biyar baya na zo, da sunan Malam Bukar ne."

"To buɗe mini minti ɗaya na gyara, sai ki mayar da makullinki."

"Ba a yin haka."

"Na sa hoton takardar Baba a shafin tattaunawa. Ba ki gani ba?"

"Na gani. Takardar gida ce, ba a buga ta ba. Su kuma littafi suka kawo."

Ta jiyo ƙarar injin ɗinki a shagonsa. Ya ce, "To ki zo ki faɗa wa Baba da bakinki."

Tana fita daga aji na ƙarshe mijinta Mikail ya kira. Shi mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma ba ya neman abu kai tsaye. Ya tambayi aiki, ya tambayi ko ta ci abinci, sannan ya ce Hajiya ta yi maganar rijiyar da safe. Hajiya 'Yardada mahaifiyarsa ce, jikar Madugu Ilu.

"Ni ban ce ki yi komai ba," in ji shi. "Tunda littafi ya faɗa, ai ba ruwanki. Ki bar littafi ya yi magana."

"Baban Ummi, ka taɓa ganin littafin nan da idonka?"

"Nazeer ya ɗauki hoton shafin."

"Shafi ɗaya."

"Shafi ɗayan ai shi ake nema."

Maimakon gida, sai ta tari adaidaita sahu daga Gwale zuwa ɗakin karatu, don ta ga littafin da idonta. A hanya suka maƙale a bayan motar kamfen, lasifika na zuba waƙa, ba gaba ba baya, ga rana. Ta zauna a matse tsakanin wata mai buhun kuka da wata mai goyo, tana lissafin hanyoyin da suka rage mata. In ta bar shafin haka, ƙa'ida ta ba ta gaskiya, amma kowa a gidansu zai ce ta bi miji. In ta sauya, ta taka dokar da ta rubuta da hannunta, kuma a gidan Hajiya take kai 'yarta kullum. In ta janye ta yi shiru, shafin na nan a kulle da sa hannunta, gobe mai fenti ya kwafa.

Littafin ɗan siriri ne, bangonsa ya yi launin ƙasa. Wani malamin makaranta ya buga shi shekara arba'in da suka wuce, tarihin unguwannin cikin birni. A shafi na talatin da ɗaya ta sami jimlar, guda ɗaya tak: Madugu Ilu ne ya haƙa Rijiyar Tsamiya domin ayarinsa. Ta juya zuwa ƙarshe, inda marubucin ya jera waɗanda ya yi hira da su, unguwa-unguwa. A wannan lungun mutum ɗaya ya tambaya: Alhaji Tanko Ilu. Ɗan Madugu ne, mahaifin Hajiya.

Ta ɗauki hoton shafin. Ta yi tsammanin za ta ji daɗi, amma ba ta ji ba, domin yanzu ta san abin da zai ɓata wa gidan mijinta, ba ta kuma sami abin da zai faranta wa gidan ubanta ba.

Ana kiran la'asar ta isa Kabara. Ta jira a tsakar gida har mahaifinta Baba Kyari ya dawo daga masallaci ya zauna a kan buzunsa a zaure. Shekara sittin ya yi yana rubuta Alƙur'ani da ka, har idonsa ya gaji. Ta durƙusa ta gaishe shi. Abdulƙadir na tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu.

Baba bai tambaye ta komai ba. Ya jawo gafaka, ya kwance igiyarta a hankali, ya fito da takarda ɗaya da aka naɗe a farin ƙyalle, ya miƙa mata da hannu biyu. Rubutun ajami ne, tawadar ta koma ja-ja. Ta karanta a hankali: Malam Bukar, da ya zo daga Borno, ya sauka a gindin tsamiya, ya haƙa rijiya shi da ɗalibansa cikin kwana arba'in, ya bar ta sadaka.

"Baba, hannun wane ne wannan?"

"Na mahaifina. Daga bakin mahaifinsa, Malam Bukar ɗin."

"Babu shekara a jiki."

"Lokacin ba don gardama ake rubutu ba."

Ta gaya masa abin da ta gano a ɗakin karatu. Abdulƙadir ya saki hannunsa, ya matso.

"Shi ke nan ai. Ubansu ne ya faɗa, aka buga. Sai ki goge."

"Namu ma ubanmu ne ya faɗa," in ji ta. "Bambancin kawai, nasu an buga."

"Saboda an kai nasu injin ɗab'i ya fi hannun malami daraja?"

 Ta san dalilin ƙa'idar. Ta ga yadda mutane ke ƙirƙiro kakanni da sarautu su cusa a kundin, kowa da takardar gidansu. Amma takardar da ke hannunta ba ƙirƙira ba ce, ta san ƙamshin gafakar nan tun tana rarrafe.

Ta ce, "Baba, da za ka yarda na kai ta wajen masana tarihi su duba, su rubuta a kanta a buga, da ta zama hujjar da ba mai iya gogewa. Zai ɗau lokaci, ba zai kai ga allon gobe ba, amma zai tabbata."

Ya karɓi takardar, ya mayar da ita cikin ƙyallenta.

"Ta shekara tamanin ba ta kwana a waje ba. Wanda ke son ganinta ya zo zaure, zan ba shi tabarma. Ni da na rubuta Littafin Allah sau goma sha ɗaya ba a nemi shaida a kaina ba."

Ta shiga cikin gida ta zauna a kan turmi, ta buɗe shafin tattaunawa. Ta fara da abin da ya kamata ta faɗa tun safe: cewa Malam Bukar kakan mahaifinta ne, Madugu Ilu kuma kakan surukarta, don haka bai dace ita ta yanke ba. Ta sa hoton shafin ƙarshe na littafin. Ta rubuta jimloli biyu a matsayin shawara, ta roƙi Jibrin ya duba, in ya ga sun dace ya sa.  A kundin ba a share abin da aka faɗa. Ko an goge, yana nan a tarihin shafi, Nazeer zai karanta wa Hajiya. Ta tura.

Ba a yi rabin awa ba Jibrin ya amsa. Ya gode mata da ta fito fili, ya ce da ta faɗa kafin ta kulle shafin da ya fi. Ya sa jimlolinta yadda ta rubuta, ya ƙara abu ɗaya da ta san zai ƙara, wanda ita ma da ta ƙara a shafin wani. A ƙasa Jikan Madugu ya rubuta doguwar magana, yana neman a cire ta daga masu kula, tunda ta zubar da mutuncin littafi don ta ɗaga gidansu. Sai kuma saƙon Mikail: "Hajiya ta ce ki biyo ta wajenta kafin ki wuce gida."

Abdulƙadir ya leƙo da wayarsa a hannu. Ya riga ya gani.

"Kin san abin da za su yi yanzu? Za su ce tunda akwai saɓani, a sa sunan kansila. Kin raba gardama, Yaya." Ya sa takalminsa ya fita.

Ta ɗauki jakarta ta fito zaure za ta yi sallama, ta gaya wa Baba cewa wani abokin aikinta mutumin Maraɗi ya sa sabon rubutu a shafin. Baba ya ce ta zauna, ta karanta masa abin da aka rubuta, kada ta rage komai.

Ta karanta: "Wani littafin tarihin unguwanni ya ce Madugu Ilu ne ya haƙa rijiyar, kuma marubucin ya ɗauko labarin ne daga ɗan Madugu. Zuriyar Malam Bukar kuwa suna cewa kakansu ne ya haƙa ta."

"Shi ke nan?"

"Akwai 'yar alama a ƙarshe."

"Me ta ce?"

"Ana buƙatar hujja."

"A kan maganar wa?"

"A kan tamu."

Ya gyara zama. Hannunsa na kan gafakar, yana shafa fatar da babban yatsa.

"Suna cewa," ya maimaita a hankali. "Ke kika rubuta 'suna cewa', ko mutumin Maraɗin?"

Tana iya cewa haka ake rubutu a kundin, ba a cewa "mu". Gaskiya ne kuma. Ta dubi tabarma ta ce, "Ni ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, fuskarsa ma ba ta sauya ba. Ya ɗaure igiyar gafakar, ya tura ta bayansa, ya laluba carbinsa a kan buzu.

"To, Malama," in ji shi, "Allah ya ba da ladan aiki. Ki gaida mutanen gidan."

Tun da aka haife ta bai taɓa kiran ta Malama ba. Ta amsa da amin, ta sa takalminta, ta nufi gidan Hajiya.