Ɗan Wata Mata a Kalgo

Ummulkhairi a Kalgo take aure. Can ta haihu a asibiti, aka yi suna, sannan aka kawo ta Kambaza, a ƙasar Gwandu, wankan gida wurin mahaifiyarta, Inna Jummai. Yaron ɗan fari ne, sunansa Muzzammil. To, kun dai san halinmu da ɗan fari, balle gidan da ke da jinin Fulani. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. In ya yi kuka sai an ce mata "ba shi mana" har an gaji, sannan ta karɓe shi tana kallon bango, kamar an ba ta ajiyar wani.

Inna Jummai ce ke yi masa komai. Ita ke wanka, ita ke gasa masa jiki da tsumma, tana yi tana tsokanarsa. Ana gab da arba'in, wata safiya ta ɗaga damtsensa na hagu ta ga ƙurji ja, bakinsa ya yi fari.

"Kai, angon ga nawa! Ko fartanya ba ka ɗauka ba, har ka fara ciwon hannu? Raggo!" Ta ɗan taɓa gefen. "Maruru ne, ya nuna. Gobe Sule wanzami shi zo shi tsaga, mugunyar ta fita."

Ummulkhairi na gefe da kofin kunun kanwa. Ita kam ta san ba maruru ba ne. Ran da za a sallame su daga asibiti, wata ma'aikaciya mai suna Hafiza ta yi wa yaron allura daidai wurin nan, ta kuma ja mata kunne cewa zai kumbura, kada a taɓa. Inna ba ta nan ranar, nata 'ya'yan kuwa duk a ɗaki ta haife su. Amma ta yaya yarinya za ta buɗe baki a gaban uwarta ta kare ɗan fari? Ai gari ya samu abin faɗi ke nan. Yini ta yi tana juya maganar. Ta sa masa riga mai dogon hannu ko Inna za ta manta. Ina! Inna Jummai ba ta manta abin da ta yi niyya.

Washegari da hantsi Sule ya yi sallama, zabirarsa a kafaɗa. Aka shimfiɗa masa tabarma gindin darbejiya. Ya duba hannun, ya karkata kai.

"Ƙanƙane ne, Jummai. Amma in kin ce a tsaga, sai a tsaga."

"Na ce. In aka bar shi ciki zai ci."

Sule ya zaro aska ya shiga wasa ta. Ƙarar ce ta kai har ɗakin da Ummulkhairi take. Labule ya motsa, amma ba wanda ya fito.

"Inna."

"Mi ne ne?"

"Akwai wata mata can Kalgo, kusa da mu take."

"Ke Ummu, yanzu ne lokacin labarin maƙwabta?"

"Ɗanta ya yi irin wanga ƙurji. A nan hagu." Ta ci gaba daga bayan labule. "Allurar tarin fuka ce aka yi mishi. Malamar asibiti ta ce mata ƙwayar cutar ce ake sa wa, wadda aka karya wa ƙarfi, ba ta iya komi. Sai sojojin jiki su taru wurin su yi ta kokawa da ita har su gane ta. Taron nasu ne kumburin. In ta gaske ta zo wata rana, sun riga sun san fuskarta."

Sule ya dakata da wasa askar.

"Ta ce kada a matse, kada a gasa, kada a shafa komi. Zai fashe da kanshi, shi bushe, shi bar ɗan tabo. In aka sa aska kuwa, an buɗe ƙofa. Ƙwayoyin da ke waje su shiga, su samu ɗumi da danshi, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin a farga hannu ya ɗauka."

Inna Jummai ta dubi ƙurjin, ta dubi labulen. Tun da aka zo wankan nan ba ta taɓa jin 'yarta ta yi magana mai tsawon haka ba.

"Matar ga, da kunnenta ta ji?"

"Da kunnenta, Inna."

"Kuma tana son ɗan nata?"

Labulen ya sake motsawa.

"An ce tana sonshi."

Sule ya sunkuyar da kai yana gyaran zabirar da ba ta buƙatar gyara, kafaɗunsa na girgiza. Inna ta ja hannun rigar yaron ta rufe wurin a hankali.

"Mai da askarka, Sule."

"To, na tako banza ke nan?"

"Ga kunu can, ka sha. Angona soja gare shi cikin jiki, ba ya buƙatarka."

Da wanzami ya tafi, Inna ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, yaron na barci a cinyarta. Ummulkhairi ta juya musu baya tana ninke zanen da ta riga ta ninke.

"Ummu, matar nan ta Kalgo. Mi kuma aka ce mata?"

"An ce akwai wasu alluran, in ya cika sati shida."

"Ai ya kusa. Nan Gwandu ana yi?"

"Ana yi."

"To, ki gaya mata ta zauna abinta. Ni zan goya shi in kai."