Turaku Masu Jan Kai

Shekarar da aka samu mulkin kai, zance ya cika kasuwar Tambuwal cewa za a yanka hanyar mota zuwa Kebbe. Ɗangiwa, dillalin gero da ke ganin duk garin babu mai idonsa, ya tsinci wata magana a bakin ma'aikatan safiyo masu awon hanya: inda aka kafa turaku masu jan kai, nan hanya za ta bi. Ya kama bakinsa, ya hau keke ya shiga daji.

Kwana uku yana yawo kafin ya same su, jere reras a kan wani faƙo da ko ƙaya ba ta son fitowa. Murna ta kama shi. Ya hango rumfuna, ya hango tasha, har ya hango kansa bisa kujera ana yi masa fifita.

Abin da ya mallaka duk duniya fadamar ubansa ce, wadda rabonsa da taka ta tun da ya fara sa takalmin kanti. Ya sayar wa maƙwabcinsa Sambo ita, ya saye faƙon gaban mai gari. Mai faƙon ya karɓi kuɗin da sauri, don ya ɗauka mutumin ya taɓu.

Matarsa Mero ta yi kuka. Ya ce, "Ke mi kinka sani ga harkar zamani?"

Da kaka ta yi, ya je duba dukiyarsa, sai ya tarar da garke a wajen. Bube, Bafulatanin da ke sauka nan kowace shekara, yana ɗaure maruƙa a igiyar da ya ja tsakanin turakun.

"Kai! Bar taɓa kayan gwamnati!"

Bube ya dube shi da mamaki. "Wace gwamnati? Ni na kafa su bara. Sun fi iccen daji ƙwari, gara ba ta cin su."

Ɗangiwa ya ce, "Ina ka samo su?"

"Can bakin wata fadama munka cire su, yamma da rafi, mai giginya biyu. Mai wurin ba shi zuwa, balle in tambaye shi."

Giginyun nan biyu, uban Ɗangiwa ne ya shuka su.

Ya turo keken da ƙafa har gida, don hawa ya gagare shi. Ta bakin fadamar ya biyo. Leburorin hanya suna ta sassabe a cikinta, Sambo kuma ya riga ya kafa rumfa yana sayar musu da fura.