Jan Kwikwiyo a Gidan Goggo Noreen

"Ba zan ba ka shi ba, Clarrie. Ka ji ko in maimaita?"

"To me ya sa kika ce in zo? Don in kalli agwagi na yi wannan doguwar tafiya?"

Goggo Noreen ta yi banza da Baba. Yayarsa ce, kuma a hannunta masu tumakin yankinmu ke samun karnukan kiwo. Ba a zaɓen kwikwiyo a gidanta, ita ke zaɓa wa mutum. Sai ta san gonarka, ta san mutanen gidanka, ta san ko kai mai yawan tsawa ne.

Muna tsaye a jikin shinge. A ciki ta saki agwagi, ta saki 'yan kwikwiyon a bayansu. Haka take gwada su tun ba su isa ganin tumaki ba. Wasu suka bi agwagin da haushi, wasu suka ɓige da kokawa. Wani ja a cikinsu, wanda Baba yake so, bai yi haushi ba. Ya kwantar da ƙirji, ya kafe agwagin da ido, ya zagaya a hankali har ya tara su a kusurwa.

"Kin gani?" in ji Baba. "Tosh ne sak!"

Tosh tsohon karenmu ne. Ya mutu bayan askin tumakin bana, tun daga nan Baba ya rage magana.

"Lokacin da na ba ka Tosh kana da gwiwa biyu," in ji ta.

"Lafiyar gwiwata lau."

"Na ga saukowarka daga mota, ƙanena. Kamar tsohuwar saniya a kan dutse."

"Ke kuma budurwa, ko?"

"Ni ban ce zan bi jan kare cikin tudu ba."

Wata baƙar kwikwiya ta fito ta ƙarƙashin shinge, ta shinshina takalmin Baba, ta zauna a kai. Goggo ta nuna ta da haɓa.

"Ga taka nan. Za ta yi maka aikin garke, in ka zauna ta zauna."

"Ki kai wa tsofaffin cikin gari su ɗora a cinya." Amma bai janye ƙafarsa ba.

Goggo ta sauke murya. Ta ce irin jan nan, in bai gaji da aiki ba, shi zai nemo wa kansa aiki. Ya fara da bin motoci. Daga nan 'yan tumakin maƙwabci. Ƙarshe maƙwabcin ya ɗauko bindiga, kuma ba mai ganin laifinsa.

"A hannuna aka haife shi, Clarrie. Ba don harsashi na raine shi ba."

"Ai ba ni kaɗai ba ne," in ji Baba. Ya dafa kafaɗata. "Ga Lachlan. Ya gama makaranta, yana gida. In gudu ne, sai karen ya roƙe shi hutu."

Na ji nauyin hannun. Brodie, ɗan Goggo, ya samo mini gurbi a wurin haƙar ma'adinai can yamma, inda yake aiki. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Baba bai sani ba. Goggo ta sani.

Ta tsallaka shingen, ta ɗauko jan ta sa mini a hannu. Ɗumi gare shi. Zuciyarsa na bugawa da sauri, idonsa har yanzu yana kan agwagin. Na so shi nan take, abin ya ba ni haushi.

"Irin wannan mutum ɗaya yake bi," in ji ta, tana kallona. "Wanda ya fara fita da shi kiwo, shi ke nan har tsufansa. Ba a barinsa a ce wani ya riƙe. In Lachlan yana nan, ku tafi da shi yau."

Baba ya yi dariya.

"In yana nan? Ji wata magana!"

Ba wanda ya taya shi. Ya dubi yayarsa, ta juya tana kora agwaginta. Ya dawo da idonsa kaina, hannunsa na sauka daga kafaɗata.

"Lachlan, ina za ka?"