Leburan Maccido

A zamanin Turawa, Maccido ne ke riƙe da kantin wani kamfanin sayen gyaɗa a Tambuwal. Kamfanin ya ba shi sikeli da buhuna da allon suna a bakin ƙofa. Ɗaukar ma'aikata da sallamarsu kuwa nasa ne shi kaɗai, kuma wannan sharaɗin ya fi komai yi masa daɗi.

Da kaka ta yi nisa, ya ga leburori sun yi masa yawa, sai ya sallami biyu, ya bar Ɗangiwa, wani ƙaƙƙarfan mutumin Kebbe mai iyali.

"Maigida," in ji Ɗangiwa, "tarin ga ya yi bisa. Mutum guda ba shi iya aza buhu can."

"In ba ka iyawa, akwai masu so," Maccido ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Ranar kasuwa da hantsi tarin ya zube. Aka jawo Ɗangiwa daga ƙarƙashin buhuna, ƙafarsa ta dama ta karye, ƙugu kuma ya goce.

Washegari Baturen kamfanin ya iso rangadi da motar kaya. Maccido ya roƙe shi a sa Ɗangiwa a motar zuwa asibitin Sakkwato. Baturen ya saurara, ya yi magana, tafinta ya juya maganar da Hausa.

"Ya ce Allah shi sawwaƙe. Amma kamfani kai ya sani, bai san mutanenka ba. Kai ka ɗauke shi, kai ka ba shi aikin. Mota kuwa ta gyaɗa ce."

Maccido ya juya ya bar wurin. Ya samo jaki da masu rakiya, ya kai Ɗangiwa gida Kebbe da kansa, ya kira maɗori.

Kulu, matar Ɗangiwa, ta kawo masa ruwa, ta durƙusa a gefe.

"Malam, mi ya sa anka bar shi shi ɗai? Ina abokan aikinai?"

Ɗangiwa na kwance a tabarma, yana jinsu.

"Kamfani ne ya ce a rage mutane," in ji Maccido.

Kulu ta share hawaye da bakin zane. Ta ce Allah ya isa tsakaninsu da kamfani, shi kuwa Maccido Allah ya saka masa da alheri, tunda ba kowane maigida zai bar kantinsa ya biyo lebura har gida ba. Maccido ya saci kallon Ɗangiwa. Mutumin ya dube shi ido cikin ido, sannan ya juya fuskarsa bango.

Ƙafar ta haɗu a karkace. Ɗangiwa bai sake ɗaukar kaya ba, noma ma sai 'yan'uwa suka riƙa taimaka masa. Maccido ya mai da leburorin da ya sallama bakin aiki, yana kuma aika hatsi Kebbe duk kaka.

Wata shekara ya je da niyyar gaya wa Kulu gaskiya. Ya tarar ta tara maƙwabta su gai da mutumin kirkin da take ba su labari. Ya zauna, ya amsa gaisuwa, ya sha fura da ƙyar. Da ya tashi tafiya, Ɗangiwa ya rako shi bakin zaure yana dogara sanda.

"Ban faɗa mata ba," ya ce a hankali. "Kai ma bar shi. Sauka lafiya, maigida."

Maccido ya ja linzamin dokinsa, ya yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ya hau.