Gaban Gidan Wa Za a Fara

Ina da wani ɗan hali. Idan mutum ya tsaya a gabana yana magana, sai in ga shi ne mai gaskiya. Idan ya tafi wani ya zo da akasin maganarsa, shi ma sai in ga ai bai yi ƙarya ba. Matata takan ce in da ni alƙali ne, da mai ƙara da wanda ake ƙara duk sun koma gida suna murna, a bar kotu da ciwon kai. Wannan halin ne ya sa aka zaɓe ni shugaban kwamitin tafki a unguwarmu, don kowa ya ɗauka ni nasa ne.

Tafkin ba wani babba ba ne. Gidaje sun kewaye shi ta gefe uku, ɗaya gefen kuma magudanar ruwa ce da katangar makaranta. Saboda shi muka sayi gidajen da tsada, muna jan baƙi zuwa baranda su sha iska ko ba su nema ba. Sai kainuwa ta shigo. An fara ganinta 'yar kaɗan a bakin magudana, kore shar, har maƙwabciyarmu Mai Kemis ta ɗauki hotonta tana cewa ta yi wa ruwan ado. Kafin a ankara ta rufe tafkin kamar an shimfiɗa darduma, sauro ya samu gidan haya kyauta.

Mutum ɗaya ne bai damu ba, surukina, mahaifin matata. Tun da matarsa ta rasu 'ya'yansa suke ja-in-ja a kansa, kowacce tana so ya zauna wurinta. Ƙanwar matata tana da gidan sama a cikin gari, da mai aiki, da asibiti a bakin layi. Mu abin da muke da shi ruwa ne. Baba ya zo ziyara, ya ga tafki, ya zauna. Shi ya sayo 'ya'yan tarwaɗa da karfasa a jarka ya zuba. Kullum da yamma yana kan 'yar gadar katakon da ke bayan gidanmu, a kujerar roba, da doguwar sanda yana ture kainuwa yana buɗe wa kifinsa taga, ya watsa musu abinci. Sau ɗaya matata ta faɗa mini, ba ta maimaita ba: “Kifin nan ne ke riƙe mana da Baba. Ka sani.”

Mun fara da ƙarfin tuwo, wato hannu da manjagara. Wata Asabar maza suka fito. Manjo, wanda ya bar soja amma soja bai bar shi ba, ya tsaya a tudu yana ba da umarni. Lauya ya riƙe manjagara da hannu ɗaya, waya da ɗaya. Ni na sunkuya da gaske, bayana ya riƙe, aka kai ni gida a tallabe. Abin da muka kwashe bai wuce cikin baro ba, washegari ko gurbinsa ba a gani.

Ga kuma iska. Kainuwa ba ta da saiwa a ƙasa, inda aka tura ta nan take zuwa. Da safe ta taru gaban gidan Lauya, da yamma ta koma gaban na Manjo, kowannensu kuma ya kira ni ya ce ɗayan ne ke turo masa da gangan. Nakan ce wa kowanne zan bincika.

Da abin ya ishe mu, Mai Kemis ta samo mana mai feshi. Ya zo da ƙaramin kwalekwale a bayan mota da jarkokin magani, yana magana yana cin gyaɗa. Ya ce maganin ba ya taɓa kifi in an bi ƙa'ida. Abin da ke kashe kifi shi ne a fesa tafki gaba ɗaya: ciyawa ta mutu lokaci guda, ta nutse, ta ruɓe, ta shanye iskar da ke cikin ruwa. Saboda haka kashi uku ake yi, a fesa ɗaya, a jira makonni, sannan na gaba. Ya ƙara da cewa shi dai duk ɗaya ne a wurinsa, zuwa ɗaya ma ya fi masa sauƙin mai. Ni ma na sa tabarau na karanta hakan a jikin jarka. Don haka ba zan iya cewa ban sani ba, ko da yake na gwada.

Taro ya amince da kashi uku, kowa ya tafa. Ba wanda ya tambayi gaban gidan wa za a fara, sai da aka watse.

Lauya ya tare ni a bakin get. Yana so ya sayar da gidansa, mai saye zai zo dubawa, wa zai sayi gida a bakin fadama? Na ce ai wannan ba abin musu ba ne, da shi za a fara. Manjo ya same ni a wurin wankin mota. Zazzaɓi ya kwantar da matarsa har sau biyu, sauron nan ne. Na ce lafiya uwar jiki, da shi za a fara. Mai Kemis kuwa har falona ta shigo, ta ƙi zama.

“Ciyaman, ni na samo mutumin nan. Ko don ni mace ce za a bar ni ƙarshe?”

“Haba, ranki ya daɗe. Wa ya isa?”

Da ta fita matata ta leƙo daga kicin ta tambaye ni tafki nawa gare ni. Na ce ta bar ni, ina da dabara. Dabarar ita ce kafin ranar wani abu zai faru.

Babu abin da ya faru. Ranar feshi ta zo, na iske su ukun kowa ya fito da kujera bakin ruwansa, kamar masu jiran fareti. Mai feshi ya daidaita tankinsa, ya rufe hanci, ya ce, “Ciyaman, ta ina?” Na nuna gefen Lauya, don shi ya fi iya magana. Bai kai rabi ba sai ga Manjo ya zagayo a mota, bai ko kashe injin ba.

“Da bakinka ka yi mini alkawari.”

“Ban manta ba, yallaɓai.”

“To me nake gani?”

Na ce wa mai feshi in ya gama ya ɗan taɓa gaban gidan Manjo, kaɗan kawai. Mai Kemis ba ta zo ba, waya ta yi, ina hango ta a tsallake tana nuna ni da yatsa. Na ce ya ɗan taɓa can ma. Kowane “ɗan taɓa” mai gidan na tsaye yana nuna inda aka tsallake. Kafin rana ta take, kashi ɗaya cikin uku ya auku sau uku. Baba yana kan gadarsa yana kallo. Da na dawo ya ce, “An gama?” Na ce an gama. Ya ce to.

Kwanakin farko na zama gwarzo. Kainuwa ta yi rawaya, ta yi baƙi, ta nutse, ruwa ya fito yana ƙyalli. Manjo ya sara mini a hanya. Har na fara tunanin masu rubutu a jikin jarka suna da yawan tsoro.

Sai aka yi zafi, iska ta ɗauke. Wari ya fara, irin wanda ke bin mutum har cikin ɗaki ya shiga tufafi. Wata safiya na fito zan tafi ofis, na ga kifi sun taso saman ruwa, bakuna a buɗe, suna haki. Na cire takalmi na shiga neman ceto. Na yi hayar injin ban ruwa ya riƙa watsa ruwa sama don iska ta shiga. Manjo ya ba da aron tiyo tare da umarni. Injin ya yi ta ƙara, ya mutu, ya tashi, ya mutu. Washegari kifin sun mutu, sun juya cikinsu sama.

Da iska ta dawo, ta yi da su yadda take yi da kainuwa: da safe gaban gidan Lauya, da yamma gaban na Manjo. Mai sayen gida ya zo a tsakiyar wannan, ya sauke gilashin mota, ya mayar. Su ukun duk suka kira ni, kowa ya ce shi dama gefensa kaɗai ya nema, wa ya ce a yi sauran? Na saurare su ɗaya bayan ɗaya, kuma abin haushi, kowannensu na ga yana da gaskiya.

Baba da sandarsa yake janyo matattun kifin bakin gada, yana sakawa a bokiti. Na naɗe wando na kama masa. Muka haƙa rami a ƙarshen lambu. Ina ta bayani a kan zafi, da iska, da matsin da shugabanci ke da shi, yana jin ni yana zuba ƙasa. Da ya gama ya karkaɗe hannu.

“Ɗana, ba ka da mugunta,” ya ce. “Da kana da ita, da mutum ɗaya kaɗai za ka ɓata wa.”

Na yi masa alkawarin sababbin 'ya'yan kifi da zarar ruwa ya gyaru. Ya ce madalla. A cikin gida kuwa kwanuka ne suka riƙa yin magana a madadin matata. Ba a jima ba Baba ya ce ƙafarsa na damunsa, gara ya je wurin ƙaramar 'yarsa, tunda asibiti na kusa. Ni na kai shi. Ya ɗauki rediyonsa, ya bar sandar.

Na cika alkawari. Na sayo kifin, na zuba, yanzu ni ke zama a kujerar roba da yamma ina watsa musu abinci, sauro na cin rabonsa a ƙafata. Nakan buga wa Baba waya in ce sun fara girma, ɗakinsa na nan a share. Ya ce madalla, a gaida mutan gida. Matata na tsaye a bayana tana saurare, in na kashe ta koma ciki.

Kainuwa ta sake ɓullowa a bakin magudana, kwamiti zai zauna ranar Asabar. Baba kuwa, ƙanwar matata ta saya masa akwatin gilashi mai 'yan kifi a ciki, ta ajiye masa a falo. An ce har ya yi ƙiba.