Wayar Baba Sanda

Wayoyi arba'in kamfaninmu ya raba wa wakilansa na ƙauyuka, ni kuma aka ɗora wa aikin tura musu sabuwar manhajar rajistar manoman waken suya daga saba, wato babbar kwamfutar ofishinmu na Funtua. Talatin da tara suka karɓa salin-alin. Ɗaya ta ƙi, ta Baba Sanda, wakilinmu na Gozaki.

Kwana uku ina fama. Na tura, na sake turawa, na kashe saba na kunna, na zargi sabis, na zargi data, har na fara zargin karatun da na yi. A allon kwamfutata dai sunansa ja wur, wai ba a ga wayar ba.

Na kira shi a 'yar ƙaramar wayarsa ta kansa. "Baba, ya wayar kamfani?"

"Lafiyarta lau, Malam Almustapha. Ko ƙwarzane babu."

"Tana kusa da kai?"

"Ai ba ta taɓa yin nisa da ni ba."

Manajarmu, Hajiya Rukayya, ba ta da irin haƙurina. Ranar Laraba ta ce in manhaja ba ta sauka ba kafin a tashi aiki gobe, za ta cire tsohon ta sa mai jini a jika. Raina ya ɓaci, don duk Gozaki babu manomin da Baba Sanda bai san iyakar gonarsa da ta ubansa ba. Washegari na shiga motar Malumfashi, daga can na hau acaɓa.

A zaure na same shi. Sai da muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya leƙa ciki ya kira matarsa. "Adama, miƙo mini amanar nan."

Kwalla ta miƙo, irin ta jeren ɗaki. Cikin kwalla ɗankwali, cikin ɗankwali leda, cikin leda kwali, cikin kwali kuma ga baiwar Allah kwance, a kashe tun ranar da aka ba shi, wata biyu cur. Ni ina can ina gumi da saba, ita tana nan tana hutun da ko amarya ba ta samu.

"Baba, ai don aiki aka ba ka."

"Aikin ina yi," in ji shi. Ya jawo littafi, sunayen manoma reras da ajami. "Wannan kuwa kayan mutane ce. Ba a yawo da kayan mutane a gona."

Dariya ta ci ƙarfina, shi ma ya taya ni, ko da yake bai ga abin dariyar ba. Muka kai ta wurin mai caji, daga nan muka fita bakin hanya inda sabis ya fi ƙarfi. Minti shida manhaja ta sauka. Na kira Hajiya, ta ce sunansa ya koma kore, maganar cirewa ta wuce.

Na miƙa masa wayar, ya karɓa da hannu biyu. Bai sa ta a aljihu ba.

"In ta faɗi ta fashe fa?"

"Sai a gyara, Baba."

"Ba kora?"

"Ba kora."

Ya dube ni, ya ce: "Shekara goma sha takwas na yi a wani kamfanin auduga. Sau ɗaya ma'auni ya suɓuce mini ya fashe. A ranar aka sallame ni."

Tausayinsa ya kama ni, dariyar ɗazu ta dawo mini abin kunya. Na kasa gaya masa cewa wannan karon ajiyar ce ta kusa raba shi da aiki. Na dai kama yatsansa, na nuna masa inda zai danna ya sa sunan manomi na farko.